Zauren Asali: Wa Ya Biya Kuɗin Riƙon?

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan wata, duk a kan yaron da ya tashi a hannun wadda ba ita ta haife shi ba, ana biyanta. Na gajarta wasu saboda fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifina ya rasu bara. A Landan aka haife shi a 1963. Kakana ya tafi karatun injiniya ta jirgin ruwa a 1959 da tallafin gwamnatin Jihar Arewa, kakata ta bi shi bayan shekara biyu ta shiga koyon aikin jinya. Yana wata huɗu aka kai shi wurin wata Baturiya a wani ƙauye a yankin Kent, bai zo Najeriya ba sai 1969, ko kalma ɗaya ta Hausa ba ya ji. Da muke kwashe kayansa muka tarar da hoto, shi da matar da wasu yara biyu farare a bakin ƙofa, a bayansa an rubuta sunanta na farko da sunan ƙauyen. Gwaggona ta ce duk mako ake biyan matar. Abin ya tsaya mini a rai. Yaya iyaye za su ba bare jariri, ba addini ɗaya ba, kuma da kuɗi? Akwai yadda zan gano iyalanta?
*Wata mai karatu, Kaduna*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa.

Ki sassauta wa kakanninki tukuna. Daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa ƙarshen shekarun 1970, dubban 'ya'yan ɗaliban Afirka ta Yamma ta wannan hanya suka tashi a gidajen Turawa. Mafi yawansu 'ya'yan Yarabawa ne, sai na Ghana da Saliyo. Namu na Arewa tsiraru ne, don waɗanda suka tafi karatu daga nan ba su da yawa tun asali, masu tafiya da iyali kuwa sun fi ƙaranci. Ki dubi halin da ma'auratan suke ciki. Ɗaki ɗaya suke haya, shi ma da kyar aka samu, domin masu gidaje da yawa ba sa ba baƙar fata, masu bayarwar kuma ba sa son kukan jariri. Miji yana aji da rana, da dare wataƙila yana ɗan aikin neman na cefane. Mace mai koyon jinya tana aikin kwana a asibiti. Gidajen rainon yara na hukuma kaɗan ne, kuma matan da ba su da miji ake fara ba. Babu kaka, babu gwaggo, babu ƙanwar da za a ɗauko daga gida ta yi raino. Su kuma mutane ne da suka taso inda ba da ɗa riƙo ba abin kunya ba ne. Ƙila kakan naki ma ba a ɗakin mahaifiyarsa ya girma ba. Sabon abu kawai shi ne mai riƙon bare ce, kuma da lada.

Matan da ke karɓa galibi matan leburori ne da direbobi da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a Kent da Essex da Sussex, masu nasu 'ya'yan. Wajen fam uku ake biya a mako a shekarun 1960, kuɗin da zai rage wa mace zafi ba tare da ta bar gidanta ba. Ana haɗuwa ta hanyar talla a mujallar Nursery World, ko ɗan kati da aka manna a tagar kanti, ko wani ɗalibi ya ce ai matar da ke riƙe da nawa tana da maƙwabciya. A 1961 an kafa ƙungiyar Commonwealth Students' Children's Society don ta riƙa shiga tsakani, amma yawancin iyaye da kansu suka ƙulla maganar.

Na riski jelar wannan zamani lokacin da na je kwas ɗin aikin laburare a Ingila a ƙarshen shekarun 1970. Ranar Lahadi in ka shiga jirgin ƙasa daga tashar Charing Cross ko Victoria, za ka ga ma'aurata 'yan Afirka sun sha kwalliya, da jaka cike da kayan yara, za su duba ɗansu. Da yamma su dawo a jirgi ɗaya, matar ta kafa kai a taga ba ta cewa uffan.

Yadda abin ya kasance ga yaran bai zo ɗaya ba. Akwai waɗanda aka riƙe da amana, suka girma suna aika wa tsohuwar saƙo daga Legas har ta mutu. Akwai waɗanda suka sha wuya: yaro shi kaɗai ne baƙi a makaranta, a gida babu wanda ya iya taje masa kai ko ya san jikinsa na buƙatar mai. Akwai waɗanda aka yi ta yawo da su gida gida duk sanda biya ya tsaya, kuma ya tsaya wa mutane da dama lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wasu masu riƙon kuma sun ƙi sakin yaran, har aka je kotu. A 1969 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke hukunci a kan wani yaro ɗan ƙasar Sifen, ta ce maslahar yaro tana gaba da haƙƙin waɗanda suka haife shi, ta bar shi a hannun Ingilishin da suka riƙe shi. Daga nan iyaye suka gane cewa in riƙo ya daɗe, alƙali na iya hana su ɗansu.

A ganina kuɗin ba shi ne aibin ba. Aibin shi ne babu mai dubawa yadda ya kamata, kuma babu mai yi wa yaron bayani. Mahaifinki yana shekara shida aka raba shi da wadda yake kira uwa, aka miƙa shi ga wadda ya sani a matsayin baƙuwar ranar Lahadi, aka kai shi ƙasar da ba ya jin harshenta. In kin lura ba ya son zancen yarintarsa, kada ki yi mamaki.

Yanzu batun nema. Duk mai bin sawun ɗan riƙo a takardun Turawa, tambayarsa ta farko ita ce wa ya biya. In hukuma ce, akwai fayil, domin hukuma ba ta fitar da sisi sai an rubuta. In iyaye ne daga aljihunsu, kamar naku, takarda ta yi ƙaranci. Dokar yara ta 1958 ta wajabta wa mai riƙe ɗan wani don lada ta sanar da hukumar gundumarta, a turo jami'a ta duba gidan. Da yawa ba su sanar ba. Waɗanda suka sanar kuma fayilolinsu sun sha ƙaura: a 1971 aka narkar da sassan kula da yara cikin sabbin ma'aikatun walwalar jama'a, ita kanta Kent an yanke mata Bromley da Bexley an haɗa da Landan a 1965, yankin Medway ya zama mai cin gashin kansa a 1998. Ki duba ƙauyen yana ƙarƙashin wace hukuma a yau ki rubuta mata, amma kada ki sa rai sosai. Da mahaifinki yana raye, doka ta ba shi ikon neman abin da aka rubuta a kansa. Ke da kike 'yarsa sai abin da suka ga dama su nuna miki.

Saboda haka kafin ki taɓa kwamfuta, ki ɗauki waya mai naɗar murya ki tafi wurin gwaggonki a wannan makon. Ki tambaye ta aikin mijin matar, da tashar da ake sauka, da ko ana aiko kati lokacin Kirsimeti, da wanda ya ajiye su. In kin samu tsofaffin wasiƙu, ambulan ya fi abin da ke cikinsa amfani, saboda adireshin da ke baya.

Sai ki sayi takardar haihuwarsa daga ofishin rajistar haihuwa na Ingila, General Register Office, da ke Southport. Ta intanet ake nema. Ba za ta ba ki sunan mai riƙon ba, amma duk ofishin da za ki tunkara sai ya nemi ita da takardar rasuwa kafin ya saurare ki. Takardar da na fi sa wa rai ita ce rajistar shiga makarantar firamare ta ƙauyen. Yara suna shiga da shekara biyar, wato wajen 1968 ke nan, kuma rajistar tana ɗauke da ranar haihuwa, da sunan wanda yaro ke hannunsa, da adireshi, da dalilin barin makaranta. Irin wannan rajista ko tana makarantar har yanzu, ko an kai ta ma'ajiyar takardun gunduma, wato Kent History and Library Centre a Maidstone. Ba za su miƙa miki littafin ba tunda akwai sunayen rayayyu a ciki, amma sukan duba a madadin mutum. Yaro mai sunan Hausa a ƙauyen Kent a 1968 ba zai yi wuyar gani ba.

In makaranta ta ƙi, akwai rajistar masu zaɓe. Duk shekara ake bugawa, da sunan duk wanda ya kai shekara 21 a wancan lokaci. Ƙauye ba shi da yawan shafi. Ki sa a karanta miki na 1964 zuwa 1968, a tsamo duk matan da ke da sunan da ke bayan hoton. Akwai su a Maidstone, Laburaren Birtaniya ma yana da su tun daga 1947.

Da zarar sunan mijinta ya fito, sauran aikin na zaman ɗaki ne. Shafin FreeBMD, mai fihirisar haihuwa da aure da mutuwa ta Ingila, kyauta ne. Ki nemo aurensu, ki samu sunan gidan su matar. Tun daga 1911 fihirisar haihuwa ta Ingila tana nuna sunan gidan uwa, don haka sunayen biyu za su fito miki da 'ya'yansu, wataƙila har yaran nan biyu na cikin hoto, waɗanda yanzu sun haura sittin. In matar ta bar wasiyya, ana sayen kwafinta a shafin gwamnati da 'yan kuɗi kaɗan, kuma a ciki ake ganin sunan auren 'ya'ya mata. In kin gano su, ki rubuta wasiƙa ta takarda, gajera, da kwafin hoton. Ki faɗi ko ke wace ce, ki ce mahaifinki ya ajiye hoton har ya rasu, ki ba da lambarki. Kada ki nemi komai, kada ki tuhumi kowa. In sun yi shiru, haƙƙinsu ne.

Kakanki zai iya fitowa a jerin fasinjojin jiragen ruwa da ke ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kew, har da adireshin da ya ce zai sauka, tunda jiragen kamfanin Elder Dempster irin su Aureol da Apapa su ne ke jigilar Legas zuwa Liverpool. Jerin ya tsaya a 1960, don haka dawowar 1969 ba ta ciki. Tunda kuma a Kaduna kike, ki leƙa ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke nan, takardun Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa suna can.

Na san wasu masu karatu sun riga sun fara lissafin fasfo. Gaskiya ne wanda aka haifa a Birtaniya kafin 1983 galibi ɗan ƙasa ne, amma abin da ya shafi 'ya'yansa sai a tambayi lauya, ba tsohon ma'aikacin laburare ba.

Tambaya: Baba, barka da aiki. A Manchester nake zaune, matata Baturiya ce, ina haɗa wa yaranmu salsalarsu ta ɓangare biyu. A ƙidayar 1881 na tarar da kakan kakanta yana shekara biyu a gidan wani mai gyaran takalma a yankin Berkshire, sunansu ba ɗaya ba, an ce a Landan aka haife shi, a gaban sunansa an rubuta "nurse child". Da na bincika sai labarin matan da ke karɓar jarirai suna kashewa ya yi ta fito mini. A irin wannan gida ya tashi? Yaya zan gano mahaifiyarsa?
*Wani mai karatu, Manchester*

Amsa: Ɗana, yaron ya rayu har ya bar zuriya, ga ka nan kana auren jikar jikansa. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar maka da hankali. Abin da mai ƙidayar ya rubuta a daren 3 ga Afrilu 1881 yana nufin ɗan wani ne da ake riƙe da shi ana biya, kuma gidaje masu irin wannan yaro suna da yawa a Ingila ta lokacin. Matar mai gyaran takalman ce take ƙara wa kanta 'yan sulalla.

Tushen abin yana cikin dokar gajiyayyu ta 1834, wadda ta ɗora nauyin ɗan da aka haifa ba aure a kan uwa kusan ita kaɗai. Yarinyar da ke aikatau a gidan masu hali ba za a bar ta da goyo ba. Ko ta shiga gidan gajiyayyu na hukuma, wanda kowa ke gudu, ko ta nemi wadda za ta riƙe mata ta koma bakin aiki. Ba su kaɗai ba ne: mazan da matansu suka mutu a haihuwa suna bayarwa, matan da suka tafi shayar da 'ya'yan attajirai ma suna barin nasu a hannun wata.

Biyan iri biyu ne, kuma a nan rai da mutuwa suka rabu. Akwai na mako mako, wajen sule biyar. Mai karɓar wannan tana son yaron ya rayu, don ranar da ya mutu kuɗi ya yanke, uwar kuma takan leƙo. Akwai na dunƙule, fam biyar ko goma a ba da gaba ɗaya, a ce an bar mata yaron har abada. Fam goma kuwa ya kusa albashin shekara na ƙaramar 'yar aiki. Daga ranar da aka biya, duk cokalin madarar da yaron ya sha asara ce ga mai riƙon. Marasa imani daga cikinsu sai su dinga ɗura wa jarirai maganin barci mai ofiyom, irin su Godfrey's Cordial, yaro ya daina kuka, ya daina neman abinci, ya ƙanjame ya mutu, likita ya rubuta rama.

Margaret Waters ta unguwar Brixton a Landan an rataye ta a 1870. Shari'arta ce ta haifar da dokar kare rayukan jarirai ta 1872, wadda ta ce mai riƙe jarirai fiye da ɗaya 'yan ƙasa da shekara guda don lada ta yi rajista. Dokar ba ta da haƙori. Amelia Dyer, wadda nake jin ita ce ta tsorata ka tunda a Reading ta Berkshire aka kama ta, an taɓa ɗaure ta wata shida a 1879 saboda sakaci da jarirai, ta fito ta ci gaba. Sai a ƙarshen Maris 1896 aka tsamo gawar jaririya a kogin Thames, a jikin takardar da aka naɗe ta akwai adireshin da ya kai 'yan sanda gidanta. An rataye ta a kurkukun Newgate ranar 10 ga Yuni 1896. Dokar 1897 ta ɗaga shekarun zuwa biyar, ta 1908 ta kai bakwai, ta haɗa har da mai riƙe yaro ɗaya, ta kuma sa a naɗa masu zagayawa duba gidaje. Naka yaron ya riga waɗannan dokoki biyu, kuma shi kaɗai ne, don haka kada ka ɓata lokaci neman rajistar masu riƙo. Kada kuma ka nemi takardar mayar da shi ɗan gida, domin Ingila ba ta da wannan doka sai 1926, rajistarta ta fara a 1927.

Ka koma kan wa ya biya. In uwa ce, takardar haihuwarsa za ta nuna. Ka neme shi a fihirisar haihuwa ta Landan tsakanin 1878 da 1879 da sunan da ke cikin ƙidayar. In gurbin uba babu komai, ka fahimta. Tun daga 1875 ba a rubuta sunan uban da bai auri uwar ba sai ya zo ofishin da ƙafarsa. Ka lura da sunan tsakiya na yaron, don iyaye mata da yawa sukan ɓoye sunan gidan uban a nan. Sai ka nemi uwar a ƙidayar 1881, mai yiwuwa ka same ta 'yar aiki a wani gida an rubuta ba ta da aure. Tun 1844 uwa na iya kai uban ƙara gaban ƙaramar kotu a sa shi biyan sule biyu da sisi a mako, a 1872 aka ɗaga zuwa sule biyar. Inda littattafan waɗannan kotuna suka tsira, suna ma'ajiyar gunduma, kuma nan ne kusan kawai za ka ga sunan uban a rubuce. Abin da yaron ya faɗa a takardar aurensa kada ka riƙe shi da ƙarfi. Da yawa sun ƙirƙiri uba a ranar, ko suka ba da sunan wanda ya riƙe su, don kada a ji kunya gaban surukai.

In hukumar gajiyayyu ce ta biya, ka yi sa'a. Daga 1870 an ba ta izinin fitar da marayu da yasassun yara zuwa gidajen ƙauye tana biya, da kwamitin mata masu zagayawa, kuma littattafan zamansu suna ɗauke da sunan yaro da na mai riƙo da kuɗin takalmi. Na Landan suna ma'ajiyar takardun birnin, The London Archives. Mai biya na uku shi ne gidan yasassun jarirai na Landan, Foundling Hospital, da Thomas Coram ya samo wa izini a 1739. Su sukan canza wa jariri suna gaba ɗaya, su kai shi ƙauye har wajen shekara biyar, amma a ƙarni na 19 Kent da Surrey suka fi kaiwa, don haka ban fi zargin su a naka ba.

Ka kuma bi shi zuwa ƙidayar 1891. In yana gidan mai gyaran takalman har lokacin, an rubuta shi ɗa ko ɗan riƙo, ko ya ɗauki sunansu, to biya ya daɗe da tsayawa suka ci gaba da riƙe shi.

Tambaya: Baba, kakan mahaifiyata Bafaranshe ne, soja, ya zauna a nan zamanin mulkin mallaka. Takardar da muke da ita ta ce a Paris aka haife shi a 1884, amma abin da ya gaya wa kakarmu shi ne a wani ƙauye a lardin Nièvre ya tashi wurin manoma. Wanne ne gaskiya?
*Wani mai karatu, Damagaram*

Amsa: Duka biyun, ɗan'uwa. Babu ƙasar Turai da ta kai Faransa ba da jarirai shayarwa da kuɗi. A 1780 shugaban 'yan sandan Paris, Lenoir, ya ƙiyasta cewa cikin jarirai 21,000 da ake haifa a birnin duk shekara, wajen 1,000 ne kawai iyayensu mata ke shayarwa. Wasu kamar haka ana ɗaukar musu mai shayarwa a gida, sauran duk ƙauye ake kai su, masu yawa kuma ba sa dawowa. Yankin Morvan, wanda babban ɓangarensa ke cikin Nièvre, da wannan sana'a ya yi suna: matansa suna tafiya Paris shayar da 'ya'yan masu kuɗi, gidajensa kuma suna karɓar yaran da hukumar Paris ta tsinta ko aka sallama mata. Har gidan tarihi aka yi wa abin a Alligny-en-Morvan.

In iyayensa ne suka biya, dokar Roussel ta Disamba 1874 ta shafe shi. Ta ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyu da aka ba riƙo da lada a rubuta shi a ofishin magajin gari, likita ya riƙa zagayowa. Irin wannan yaro yakan koma gida bayan yaye. Wanda ya ce a can ya tashi, na fi zaton ɗan hukuma ne. Su ana rataya musu sarƙa mai lamba a wuya suna ƙanana, ana biyan manomin har yaro ya kai sha biyu ko sha uku, daga nan a sa shi ƙodago a gona. Da yawa daga can soja suke shiga.

Ka fara da shafin ma'ajiyar takardun birnin, Archives de Paris, kyauta ne: takardar haihuwarsa ta 1884, sai jerin sunayen yaran da hukuma ta karɓa. In sunansa ya fito da lamba, da ita ake neman fayil ɗinsa, wanda yakan ƙunshi abin da uwar ta faɗa ranar da ta kawo shi. Sai rajistar shiga soja. Ana rubuta saurayi a shekarar da ya cika ashirin, wato 1904, kuma ta nuna kamanninsa da duk inda aka tura shi, har da Afirka. Ka duba ta Nièvre da ta Seine, lardin da Paris take ciki a lokacin, duka.

Tambaya: Malam, ni karɓar kuɗi a kan riƙon yaro ban ga dacewarsa ba. Mu a nan don Allah da zumunci ake yi. Ba al'adar Nasara ce kawai ba?
*Wani malamin makarantar allo, Kano*

Amsa: Allah gafarta Malam, ku ne masu wannan fage, ni tuni kawai zan yi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga wanda ya nemi a shayar masa da ɗa matuƙar ya biya abin da aka yi alkawari, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni a ba masu shayarwa ladansu. Ƙuraishawa ma ƙauye suke kai jariransu, kuma malaman sira sun kawo cewa matan Banu Sa'ad sun fara tsallake Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda maraya ne ba su sa ran samu ba, kafin Halimatus Sa'adiyya ta ɗauke shi.

Inda na yarda da kai shi ne riƙonmu na gida ba na mako mako ba ne. Ɗan fari a ba kaka saboda kunya, wanda aka kai yaye ya zarce, gwaggon da ba ta samu haihuwa ba a ba ta ɗiya, abin da ke biyo baya bai wuce hatsi da kayan salla ba. Amma ga mai haɗa salsala wannan ya fi na Turawa wuya, tunda babu wanda ya biya balle a rubuta. Ga kuma tarkon makarantar boko: yara da yawa an rubuta su da sunan wanda ya kai su, kawu ko yaya ko maigida, sunan ya bi su har takardar fansho, jikoki suka ɗauka shi ne kakansu, alhali aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira kowa da sunan ubansa. Mai rubuta salsala ya ware gurbi biyu, wanda ya haifa da wanda ya riƙa.

Gurbi na uku na nono ne, shi ne kuma aka fi sakaci da shi, ga shi yana haramta aure. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa ya wadatar. Tsofaffin mata ne kaɗai suka san wa ya sha na wa, lokacin da uwa ta kwanta ciwo ko ta rasu a kan gwiwa. A tambaye su sunan wadda ta shayar, da garinta, da mijin da take aure a lokacin, a kuma rubuta 'ya'yan mijin duka, har na sauran matansa, domin su ma sun zama 'yan'uwan yaron.